Raddi Ga Masu Cewa Yawan Ci Kaɗai Ke Juya Hasken Baƙin Rami

Har yau ana koyar da cewa abu guda ne ke sauya hasken eks-re na baƙin ramin da ke zuƙar gas daga tauraron da suke zagaya juna, wato yawan abin da yake haɗiya. In ya yi kaɗan, hasken ya zama mai tauri, mai ƙarfin ratsawa. In ya ƙaru, faifan gas ya matso bakin ramin, hasken ya yi taushi. Esin da McClintock da Narayan ne suka tsara wannan a 1997, bisa tashin hasken baƙin ramin Nova Muscae na 1991. Aiki ne mai daraja, amma bai isa ba.

Na farko, da yawan ci ne kaɗai mizani, da hanyar hawa ita ce ta sauka. Baƙin ramin GX 339-4 ba haka yake yi ba. Tauraron ɗan Adam na RXTE ya bi tashinsa na 2002 da 2004 da 2007 da 2010. Kowane karo cikin tauri yake hawa, sai ya yi haske ƙwarai sannan ya yi taushi, kuma ba ya komawa tauri sai ya dushe zuwa wajen kashi 2 cikin 100 na iyakar Eddington, wato ƙurewar hasken da zai iya fitarwa gwargwadon nauyinsa. Ke nan a ƙarfin haske iri ɗaya, wajen hawa yana da tauri, yana feso abin da na'urorin rediyo ke gani. Wajen sauka yana da taushi, feshin ya mutu. Yaya mizani guda zai ba da amsa biyu? Tun 1995 Miyamoto da abokan aikinsa suka nuna wannan saɓani.

Na biyu, ko matakin juyawar bai tsaya wuri guda ba. A 2004 GX 339-4 ya yi taushi tun haskensa bai kai na 2002 ba.

Za su ce, ai baƙin ramin Cygnus X-1 yana juyawa ba tare da wannan tazara ba. Haka ne, tasa kaɗan ce. Amma shi iskar ƙaton tauraronsa yake ci kullum, haskensa ba ya hawa da sauka da yawa, don haka ba shi ne shaidar da za a kira ba. A kira Aquila X-1, wanda tauraron nutron ne, ba ma baƙin rami ba: shi ma hawansa dabam, saukarsa dabam.

Dole akwai dalili na biyu. Ni na fi karkata ga maganaɗisun da ke taruwa cikin faifan tun kafin tashin, domin shi ne zai iya riƙe feshin, ya jinkirta taushin.