Gilashin Gaban Babur Ba Ado Ba Ne: A Tausaya Wa Dattijon Da Ke Kawo Ki Awo

'Yar uwa mai juna biyu, wa ya kawo ki awo yau, kuma a kan me? Duk wanda ya tsaya a ƙofar asibitin nan da sassafe zai ga mata da yawa a bayan babur ake sauke su. Kuma ba kullum matashi ne ke tuƙin ba. Sau da yawa maigida ne da ya ba shekara hamsin baya, ko kuma mahaifi, musamman ga wadda ta je goyon ciki gida.

Cikin hunturun bara wata mai cikin fari ta tsallake awo har sau biyu. Ranar da ta zo jininta ya hau, ƙafafunta sun kumbura. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Sista, Baba ne ke kawo ni daga ƙauye. Zuwanmu na ƙarshe sanyi ya kwantar da shi, ga tari ga ciwon wuya, sai na ji nauyin sake taso shi." An yi sa'a mun tari abin da wuri. Amma tun daga ranar na gane cewa wahalar mai tuƙi tana iya hana mai ciki zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, kuma 5 daga ciki a watanni ukun ƙarshe ne. Ke nan zirga-zirgar tana da yawa. Shi ya sa ra'ayina shi ne, duk gidan da dattijo ke tuƙa babur, a sa masa gilashin kare iska.

Ga abin da iska ke yi wa mai babur. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun iska yakan ninka sau huɗu ne. Wato wanda ke gudun kilomita 60 a awa yana shan bugu ninki huɗu na mai gudun 30. Duk wannan a ƙirji da wuya da kafaɗu yake sauka, hannuwa kuma su yi ta damƙe kan babur. Matashi zai sauka ya kaɗe riga ya wuce. Jikin dattijo kuwa ba ya riƙe ɗumi kamar da, gaɓoɓinsa sun fara sanƙarewa, kuma bushewar ido tana ƙaruwa da shekaru. Iska da ƙurar hunturu sukan sa idon ya yi ta hawaye. Babur mai gudun kilomita 40 yana cin kusan mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Idan Baba ya rufe ido na daƙiƙa ɗaya saboda ƙura ko ƙwaro, mita 11 ke nan kuka yi ba mai ganin hanya. Hannun da sanyi ya ƙandare kuma ba ya saurin kama birki.

Gilashin da ake ɗaurawa a gaban babur, wanda a gaskiya roba ce mai ƙarfi da ake gani ta cikinta, yana tura iska sama ta wuce ƙirji. Yana tare ƙwari da ƙananan tsakuwa da yayyafi. Ita kuma robar da ke rufe gaban ƙafafu, irin ta Vespa da ta babur roba-roba, tana kare gwiwa daga sanyi da fantsamar taɓo. Mai tuƙi yakan zauna a miƙe, ya sassauta kafaɗa, ya iso bai galabaita ba, hankalinsa na kan titi.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, kuɗi: ga kayan haihuwa, ga ragon suna, ina ake ta gilashi? Amsata ita ce, sau ɗaya ake sayensa, amma jinyar dattijo da awon da aka tsallake sun fi shi tsada. Na biyu, shi kansa Baba zai ce shekara talatin yana hawa ba gilashi. Gaskiyarsa, amma jikin da ya hau a wancan lokaci ba shi ne na yau ba. Ba sai an yi masa maganar tsufa ba. 'Ya'ya su haɗa kuɗi su kai babur wurin bakanike, su ce saboda jikan da ke tafe ne. Da wuya ya ƙi.

Idan za a saya, a kula da waɗannan:

1. Tsayinsa ya tsaya daidai hancin mai tuƙi idan ya zauna, domin ya riƙa kallon hanya ta samansa. Ranar da ƙura ko ruwan sama suka rufe shi, zai ci gaba da gani.

2. A zaɓi garau, a guji mai duhu, tunda naƙuda ko ciwo kan sa a fita da dare.

3. Ƙwararren bakanike ya ɗaura, a tabbata bai hana kan babur juyawa ba, bai danne wayar birki ba, bai rufe fitila ba. A riƙa duba notikansa.

4. A wanke da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Kada a goge da busasshen tsumma ko fetur, domin yakan karce, kuma karcen yana tarwatsa hasken fitilun motoci da dare. Idan ya dushe ko ya tsage, a canza.

5. Kada a sa wanda ya fi ƙarfin babur ɗin. Gilashi mai faɗi sosai a kan ƙaramin babur yakan sa iskar gefe ta riƙa fizgarsa.

Amma fa a sani, gilashi ba ya maye gurbin hular kwano. Tun watan Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, kuma bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Mai tuƙi ya sa, ke ma ki sa. Jin daɗin rashin iska kuma kada ya sa a ƙara gudu. Ki sani cewa gilashin ya fi kare na gaba, ke da ke baya iska na iya zagayowa ta same ki, don haka ki rufe hanci da baki, ki sa rigar sanyi, ki tattare hijabi da zani kada su shiga ƙafar babur.

Magana ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci. Babur, ko da gilashi ko babu, bai dace da mai naƙuda ba, ko mai zubar jini, ko wadda faya ta fashe mata, ko mai jiri da matsanancin ciwon kai. Tun ciki na wata bakwai a yi magana da mai mota ko mai Keke Napep na unguwa, a ajiye lambarsa da ɗan kuɗin mai. Shi kuma Baba, idan tarinsa ya kai mako biyu ko ganinsa ya ragu, kada ya tsaya jira a gindin bishiya, ya shigo a duba shi.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya kiyaye hanya.