WA YA TUNA DA TATA?

Yau da faɗa na zo, kuma da mu kanmu zan yi shi, mu mutanen kudancin Kano, tun daga Ƙofa da Bebeji, zuwa Kiru, har Tudun Wada da Doguwa. Abin da ya tunzura ni wata magana ce da ta zama ruwan dare a bakinmu, za ka ji ta a majalisa, ka ji ta a teburin mai shayi, ka ji ta a gidan suna. Wai taimako sai mai kuɗi. Wai talaka me zai iya yi wa talaka ɗan'uwansa, alhali shi ma neman na koko yake yi? Wai a bari sai ɗan siyasa ya zo da tirela, ko gwamnati ta tuna da mu. Ni dai na ce wannan magana ƙarya ce, kuma lalaci ne muka sa masa riga muka kira shi talauci. Hujjata kuwa ba daga nesa zan ɗauko ta ba, a nan Bebeji take kwance.

A shekarar 1877 aka haifi Alhassan a Bebeji. Mahaifinsa Abdullahi falke ne daga cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Yaron bai kai shekara goma ba mahaifin ya rasu. Uwar ta tattara ta koma Ankara, can ƙasar da muke kira Gana a yau, inda take da harkokinta. 'Ya'yan kuwa aka bar su a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Gadon da yaron ya samu bai yi nisa ba ya ƙare. Ya shiga makarantar allo, ya ɗanɗani irin rayuwar da kowane almajiri ya sani, ta neman abinci da yi wa malam aiki da kwana da yunwa wani lokaci.

To me Tata ta ba shi? Ba ta da raƙumi, ba ta da jaki, ita kanta ba ta mallaki kanta ba. Abin da take da shi kulawa ce, da ido a kan yaro, da tarbiyya. Masu ba da tarihin gidan sun ce ita ta koya masa tattali, ta nuna masa amfanin asusu, cewa duk abin da ya samu komai ƙanƙantarsa kada ya cinye shi duka a ranar. Mutanen gari suka ga yadda ta rungume shi, sai suka daina kiransa ɗan Abdullahi, suka koma ce masa ɗan Tata.

Sauran labarin kowa ya san shi, amma bari mu tuna wa juna. Ya bi ayari zuwa Gwanja tun yana saurayi. Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi, aka kama shi, daga baya ya kuɓuta ya koma fatauci. Ya riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko a lokacin da sauran fatake ke tafiyar watanni da jakuna. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saye a ƙasar Kano. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 aka loda wa kuɗin azurfarsa aka kai ajiya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Ɗansa Sanusi shi ya haifi Hajiya Mariya, ita kuma ta haifi Aliko Ɗangote. Wani ɗan nasa, Alhaji Aminu, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina.

Yanzu ka tsaya ka duba abin mamaki. Duk inda aka rubuta Ɗantata, a jikin kamfani ne, ko a titi, ko a takardar banki, sunan waccan tsohuwar baiwa aka rubuta. Sunan attajirin uban ya koma cikin littattafan tarihi, sunan attajirar uwar sai masu bincike, amma sunan matar da ba ta da ko anini shi ne jikoki da tattaɓa-kunne suke amsawa har gobe. Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni ban ga inda wannan karin magana ya fi zama daram ba kamar a nan.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce ai Alhassan jinin fatake ne, ko da Tata ko babu ita zai yi arziki. To ina tambaya, 'ya'yan attajirai nawa muka gani a garuruwanmu waɗanda uba ya mutu ya bar musu gona da shanu da gida, kafin shekara biyar sun sayar da komai sun koma zaman kashe wando? Jini ba ya koya wa yaro riƙe kuɗi, mutum ne yake zaunar da shi ya koya masa. Wani kuma zai ce ba kowane maraya ne zai zama Ɗantata ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce sai ya zama. Lokacin da Tata take zuba masa tuwo ba ta san raƙuma ashirin na tafe ba. Yaro ta gani wanda ba shi da uba kuma uwarsa ta yi nisa, ta riƙe shi. Da ya tashi ya zama maɗinki ko malamin allo ko manomin rani mai rufin asiri, aikinta bai ragu da komai ba.

Sai masu cewa wannan duk aikin gwamnati ne. Ban musa ba, gwamnati tana da nata. Talaka ba zai gina madatsar ruwa irin ta Tiga ba, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga shi har yau ruwanta ake noman rani da shi a Kadawa da Kura. Talaka ba zai gina asibiti ba, ba zai biya malaman firamare albashi ba, kuma wajibi ne mu ci gaba da matsa wa masu mulki lamba a kan waɗannan. Amma gwamnati ba ta san sunan yaron da ke kwana a zauren maƙwabcinka ba. Ba ta san yarinyar layinku ta daina zuwa makaranta saboda kuɗin littafi da takalmi ba. Kai ka sani, domin kullum ta gabanka take wucewa da farantin talla. Idan ka ce kana jiran Abuja ta zo ta saya mata takalmi, wa kake yaudara?

Mu tuna abin da ya faru a 2020, shekarar korona. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu, aka riƙa loda yara a motoci ana kai su nan ana dawo da su can kamar buhunan masara. A jihar Kano ɗaya daga cikin wuraren da aka killace su a nan Kiru yake. Waɗannan yara da ƙofofin gidajenmu suke rayuwa, amma da rana ta ɓaci sai ya bayyana da yawansu ba su da gida ko ɗaya da zai ce wannan namu ne, ku bar mana shi. Ka tuna kuma shi ma Alhassan almajiri ne a Bebeji. Bambancinsa da su shi ne yana da wadda ta san inda ya kwana. Haka kuma a Kirun nan akwai makarantar gyaran tarbiyya da ake kai matasan da shaye-shaye ya lalata. Kafin yaro ya kai ga wannan ƙofa, shekara nawa ya yi yana zamewa a gaban idon unguwa, kowa yana cewa ba ɗana ba ne? A da idan yaro ya yi ba daidai ba kowane babba yana da ikon tsawata masa, domin ɗa na kowa ne. Yau mun mayar da kawar da kai wayewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun zubar da namu mun rungumi wani abu da ake kira tallafi. Mai karatu ka san yadda ake yinsa. A kafa rumfa, a kawo makaɗa, a jera zawarawa da marayu cikin rana tun hantsi har la'asar, a miƙa wa tsohuwa taliya biyu da ɗan ƙullin shinkafa, amma ba za a sakar mata ledar ba sai mai hoto ya gama ɗauka. Kafin ta isa gida fuskarta ta zagaya Facebook. Kuɗin rumfa da na masu hoto da na 'yan banga ya ninka abin da ke cikin ledar. Bayan kwana biyu taliya ta ƙare, hoton kuwa yana nan yana jiran zaɓe. Ban ce a daina ba mabuƙata abinci ba, mai jin yunwa ba ya raina loma. Na ce wanda ya ci mutuncin tsohuwa kafin ya ba ta taliya, ya karɓi fiye da abin da ya bayar. Kuma babbar ɓarnar wannan al'ada ita ce ta koya mana cewa alheri wani taro ne da manya suke shiryawa, mu namu mu yi layi. Shi ya sa mai buhu goma a rumbu yake jin ba shi da abin bayarwa, tunda ba shi da tirela.

Alhali kuwa iyayenmu sun bar mana hanyoyi da ba sa buƙatar rumfa. Akwai ciyayya, inda kwanon tuwo yake fita daga wannan gida ya shiga wancan, har ba a gane gidan da ba a ɗora tukunya ba, asirin kowa a rufe. Akwai gayya, idan magidanci ya kwanta ciwo da damina samari su taru su nome masa gona a yini ɗaya, don kada ciwon wata guda ya zama yunwar shekara. Akwai kala, mai gona ya bar abin da ya zube bayan girbi don mata da yara su tsinta, ba ya bin su da sanda. Akwai randar ƙofar gida da moɗa a kai don mai wucewa. Akwai uwar ɗaki, matar da take ɗaukar almajiri guda ta ce wannan ɗan gidana ne, ta ajiye masa kwanonsa, ta ba shi sabulu, ta lura in jikinsa ya yi zafi, ran sallah ta ɗinka masa riga. Tambayi dattawan kasuwar Kwanar Ɗangora yadda suka fara, za ka ji da yawa jarinsu na farko daga hannun wata gwaggo ko wani maigida ya fito, kuɗin da bai kai a yi labarinsa ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya neman mutum ya zama attajiri. Abin da suke nema shi ne mutum ya lura.

Kuma kada wani ya ce mini ƙasarmu ce ta talauce. Mu da muke noma shinkafa a Tudun Wada, masara a Doguwa, ga ruwan Tiga a bayan gida? Tsadar rayuwa gaskiya ce, ni ma a kasuwar nan nake awo. Amma wanda yake da kuɗin katin waya kullum, yake da na anko duk biki, bai isa ya ce ba shi da kuɗin fensir da littafin maraya ba. Tata ta fi mu talauci nesa ba kusa ba, ga ƙangin bauta a wuyanta, wanda mu Allah ya raba mu da shi.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ba na son a kafa masa ƙungiya ko a zaɓi shugaba da ma'aji. Kowane gida ya ɗauki yaro ɗaya. Ka san sunansa da sunan garinsu da na malaminsa. Uwargida, ki ware masa kwano, ba ƙanzon da za a zubar ba. Maigida, in kana da sana'a, ɗinki ne ko gyaran babur ko awo, ka zaunar da shi kusa da kai ya koya. Malamin makaranta, in ka ga kujerar yarinya ta kwana uku babu kowa, taka ka je gidansu ka ji dalili. Matashi mai babur, tsohuwar da ke tafiya asibiti a ƙasa ba za ta ƙarar maka da mai ba. Mai shago, ka saya wa yaron da ke yi maka aike asusu, ka nuna masa yadda ake tarawa. Sa'an nan duk wanda ya yi, ya yi shiru da bakinsa, ya bar wayarsa a aljihu.

Mu 'yan wannan yanki muna alfahari cewa tushen gidan da ya fi kowane gida arziki a ƙasar nan daga Bebeji yake. Madalla. Amma in za mu yi alfaharin, mu yi shi da gaskiya, mu tuna cewa hannun wata tsohuwa marar galihu ne ya riƙe tushen lokacin da ba wanda ya damu da shi. Raƙuman azurfa sun fi ƙarfinmu, amma abin da Tata ta yi babu gidan da zai ce ya gagare shi.

Allah ya jiƙan Tata, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon lura da na kusa da mu. Wassalam.