Masu Cewa "Babu Sallah a Kudu", Ku Zo Mu Yi Magana

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu. Azumi ya zo gangara, kuma tun yanzu an fara waƙar da aka saba kowace shekara: "Kai, Sallah a nan ai ba Sallah ba ce." Wallahi na gaji da jin wannan magana, yau sai na faɗi abin da ke raina ko da wasu za su ji haushi.

Mu fara da tambaya: mece ce Ƙaramar Sallah? Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Shawwal, a fitar da zakkar fidda-kai kafin a tafi Idi, a yi wanka, a sa kaya masu kyau, a ɗan taɓa wani abu kafin a fita tunda ranar an hana azumi, a tafi ana kabbara, a yi raka'a biyu babu kiran salla babu iƙama, a saurari huɗuba, a dawo ta wata hanyar, a gaisa, a ciyar. To a cikin waɗannan wanne ne ba ya yiwuwa a Ibadan ko Legas ko Fatakwal? Ko ɗaya babu.

Abin da muke kewa shi ne dawakai, algaita, Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da tuwon gida. Ni ma ina son su, al'adarmu ce abin alfahari, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Amma a 2020, lokacin korona, an soke hawa a Kano. Akwai wanda ya ce a shekarar Kanawa ba su yi Sallah ba? Hawa ado ne da aka yi wa Sallah. Wanda ya zauna a ɗaki yana kallon hawa a waya har rana ta take, bai je Idi ba, ya bar ibadar ya rungumi adon.

Abin da ya fi damuna shi ne rainin da ke ɓoye a cikin maganar. Idan ka ce babu Sallah a Kudu, me kake cewa game da Musulmin Yarabawa da suka cika filin Idi na Agodi a Ibadan, ko na Obalende a Legas? Su me suke yi a can? Mutanen nan suna da sunansu na wannan rana, Itunu Aawe, Babbar Sallah kuma Ileya. Masallacin Shitta-Bey da ke Legas tun 1894 aka buɗe shi. Ita kanta MSSN da muke tutiya da ita a makarantunmu na Arewa, a Legas aka kafa ta a 1954. Haba jama'a! Mu da muka zo baƙunta ne za mu riƙa auna musuluncin masu gida? Mu ne fa muke jin zafi idan wani ya kira mu "aboki" da raini. To abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa ɗan uwanka.

Wani zai ce, "Ai ba na jin huɗubar, da Yarbanci ake yi." Sallar dai da Larabci ake yi, alƙibla ɗaya ce. Kuma idan Hausa kake so ka ji, Sabo tana nan a Ibadan, Agege da Idi-Araba suna nan a Legas, Ama Hausa tana nan a Owerri. Iyayenmu sun fi shekara ɗari suna Sallah a Kudu, sun haifi 'ya'ya da jikoki a nan, ba su taɓa cewa Sallarsu rabi ce ba.

Na yarda, kewar gida gaskiya ce. Kuɗin mota ya yi tsada, hutun kwana biyu ne ko uku, kafin ka isa Sakkwato ko Maiduguri ka juyo an koma aji. Na kuma san waɗanda ke Gabas sun fi mu shan kaɗaici, don Musulmi ba su da yawa a can. Amma wannan ai dalili ne na mu haɗu, ba na kowa ya ja bargo ya rufe kansa ba.

Ku duba wanda wannan halin namu yake cutarwa. Akwai ɗan aji ɗaya da wannan ce Sallarsa ta farko ba tare da mahaifiyarsa ba. Akwai 'yar uwarmu da abincinta ya ƙare tun goman tsakiya, kunya ta hana ta faɗa. Akwai 'yan ci-rani a bakin ƙofar makaranta, mai gyaran takalmi da mai tura ruwa, waɗanda ko kuɗin komawa gida ba su haɗa ba. Zakkar fidda-kai domin irinsu aka wajabta ta, don kada wani ya wuni da yunwa ranar farin ciki. Sa'i ɗaya ne kacal, mudun Annabi huɗu, daga abincin da ake ci a gari, shinkafa ko masara ko gero. Mai kuɗin ɗinka shadda da sayen data na ɗora hotuna ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Ko da Baba ya fitar maka a gida, ka tambayi kanka wa ya ci abinci ta dalilinka a inda kake zaune.

Don haka ga abin da nake roƙo. Shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu, ku tara zakka kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, ku raba a asirce ba tare da ɗaukar hoto ba. Ku rubuta sunayen sababbin ɗalibai, kowane babba ya ɗauki ɗaya su tafi Idi tare. A yi karo-karo a dafa tuwon shinkafa da miyar taushe, a soya masa, a haɗa zoɓo. Maza kuma ban da naɗe hannu a bar wa mata wahala, ku ɗebo ruwa, ku je kasuwa, ku wanke tukwane. A zuba wa abokan ɗaki Kiristoci nasu, kamar yadda iyayenmu ke aika wa maƙwabta a gida. A je a gaida limamin masallacin makaranta, a leƙa marasa lafiya a asibiti.

Wanda ya ga ban yi daidai ba, ga fili nan, ya kawo hujjarsa cikin mutunci. Wanda kuma ya yarda, ya tura wa shugaban ƙungiyarsu tun yau, don lokaci ya ƙure.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa muna cikin 'yantattun bayi, Ya maimaita mana. Barkanmu da Sallah tun daga yanzu.