Ƙashin Kwata Da Ruwan Burtsatse

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Amma akwai ruwan da ba ya tsami, ba ya wari, ga shi garau, alhali kuwa yana ɗauke da cuta. Wannan shi ne ruwan da sinadarin fulorayid ya yi wa yawa. Kaɗan daga sinadarin yakan ƙarfafa haƙori, to amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi masa iyaka, wato miligiram 1.5 a kowace lita. In ya zarce haka, sai haƙoran yara su dafe. In ya yi tsanani, ƙasusuwa su lanƙwashe.

Mutanen Tibiri ta Maraɗi sun ga wannan da idonsu. Daga 1985 zuwa 2000 sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse, ɗaruruwan yaransu suka nakasa. A Nijeriya ma an san matsalar a Kaltungo da Langtang. Sau da yawa daga jikin duwatsu sinadarin yake narkewa ya shiga ruwan ƙasa. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram kuwa ƙasar duwatsu ce. Saboda haka ya wajaba a auna kowace burtsatse a Zandam da maƙwabtanta, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Tafasa ruwa ba ya fitar da fulorayid, sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Maganin yana kwata. Ana ƙona ƙashin shanu a rufaffen mazubi har ya zama gawayi, a farfasa shi, a zuba a bokiti mai famfo, ruwa ya bi ta cikinsa. Sinadarin yana da son manne wa ƙashi, don haka abin da yake ɓatawa a jikin yaro shi ne tarkonsa. An daɗe ana amfani da wannan dabara a Nakuru ta ƙasar Kenya.

Wasu za su ƙyamaci shan ruwan da ya ratsa ƙashi, kuma ƙyamar ba abar rainawa ba ce. Sai a zaɓi ƙashin dabbar da aka yanka, a kuma nemi fatawar malamai. Bugu da ƙari, gawayin yakan ƙoshi, dole a riƙa aunawa ana sauya shi.

Daga ƙarshe, akwai aiki a wuyan ɗaliban Hausa. Muddin bayanin nan yana kulle cikin Turanci, uwar da ke ɗebo ruwa a Zandam ba za ta san abin da take shayar da ɗanta ba.