Maganar yarinya ma shaida ce

A Ngong, kamar sauran garuruwan Binuwai, idan aka yi wa yarinya fyaɗe, abin da uwa kan fara yi shi ne ɗora ruwan zafi. Ta gasa wa 'yarta jiki, ta wanke zanen, ta shanya shi a bayan ɗaki inda ido ba zai kai ba. Tausayi ne da gudun abin kunya, ba mu ga laifinta ba. Amma rabin hujjar da alƙali zai nema a Garwa ta riga ta bi rariya tare da ruwan nan.

Daga nan sai zance ya koma zauren jauro, wato mai gari. A tara dattawa, a ce "a rufa asiri", a ce "munyal", wato haƙuri, a ce yaron ɗan gidan mutunci ne. Kafin uba ya yi ƙarfin halin zuwa wurin jandarma, an ci mako biyu. Likita ya duba, ya rubuta cewa bai ga sabon rauni ba, lauyan wanda ake tuhuma ya ɗaga takardar a kotu kamar ita ce hukunci.

A nan muke da magana da alƙalanmu. Dokar bin bahasin laifuka ta Kamaru, wadda ta fara aiki a 2007, ba ta ce sai da takardar likita ba, ba ta kuma nemi shaidu huɗu ba, yadda mutane da yawa ke zato. Sashe na 308 ya yarda a tabbatar da laifi ta kowace irin hujja, na 310 ya bar wa alƙali ya yi hukunci da doka da abin da ya gamsu da shi a zuciyarsa. Ƙaramar yarinyar da aka zalunta ma tana da damar ba da shaida, komai ƙanƙantar shekarunta. Ke nan bakinta hujja ce da za a auna: wa ta fara faɗa wa, a wane hali aka gan ta da ta dawo daga gonar auduga, bayaninta na jiya ya yi daidai da na yau? Rashin rauni ba ya nufin yarda. Wadda aka ɗora wa wuƙa a wuya ba ta kokawa, wata ma tsoro ke sandarar da ita. Mun san akwai ƙazafi a duniya, wanda ake tuhuma kuma yana da haƙƙin kare kansa. Shi ya sa muke son bincike na ƙwarai, wanda zai je wurin ya tambayi maƙwabta, maimakon a tsare yarinya da tambayar me ya fitar da ita da magariba.

Kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 a sashe na 296, da 15 zuwa 25 idan yarinyar ba ta kai shekara 16 ba. Ya kuma toshe tsohuwar kafar nan: auren wadda aka yi wa fyaɗe ba ya kashe shari'a yanzu. Lamidai da limamai su faɗi wannan a fada da kan mumbari.

Muna roƙon hukuma ta ɗauke wa iyaye kuɗin takardar likita, kotu kuma ta riƙa sauraron irin wannan ƙara a asirce. Iyaye mata, a kai yarinya asibitin Ngong kafin a yi mata wanka, a tafi da zanen yadda yake. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.