Zauren Iyali: Me Muke Sa Wa Yara A Jakar Makaranta?

Duk wanda ya bi ta ƙofar wata makaranta da safe, a Gurda ne ko a Mahadiyya, zai ga yara sun yi dafifi a bakin kanti, kowa da dinarinsa a hannu, ana ta sayen biskit da cakulan da lemon gwangwani. Da yawansu kuwa wannan shi ne karin kumallonsu.

To, bari mu yi ɗan lissafi. Gwangwani ɗaya na lemo mai gas, wato mililita 330, yana ɗauke da sukari kimanin giram 35. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu a rana, in da hali ma a mayar da shi kashi 5, kimanin giram 25 ke nan ga babba. Gwangwani ɗaya ya zarce wannan ga magidanci, balle yaro ɗan shekara 7. Sukari zalla kamar wutar kara yake, ta tashi nan take ta mutu nan take, kafin a fita tara yunwa ta dawo, malam yana ta bayani yaro yana ta hamma.

Abin mamaki shi ne muna zaune a Fezzan, ƙasar dabino, amma mun raina shi. Gaskiya ne fiye da rabin dabino zaƙi ne, sai dai yana zuwa da harza mai riƙe ciki da kuma sinadarin fotasiyam. Kada dai a ba da shi shi kaɗai. A haɗa dabino uku ko huɗu da ɗan tafin soyayyiyar gyaɗa, wadda maƙwabtanmu suke kira kakawiya har suna zuba ta a shayi. Kashi ɗaya cikin huɗu na gyaɗa abinci ne mai gina jiki, ga kuma mai, shi ya sa take daɗewa a ciki.

Na gida ma ba mu rasa ba: ƙuli-ƙuli, da aya, da dakuwa, da kantun riɗi. Uwargida in za ta yi dakuwa, ta daka dabino a ciki a maimakon sukari. Mu kuma koyi na mutanen gari. Basisa, wato garin soyayyiyar alkama ko sha'ir da aka niƙa da kayan ƙamshi a kwaɓa da man zaitun, ba ta lalacewa a jaka ko da ana zafin Sabha. Burodi da kifin tuna da yaran Libiya suka saba da shi ba laifi, a dai rage harisa a yanka tumatir. Dafaffen ƙwai kuwa ba ya bukatar dogon bayani.

Akwai kashedi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar da ita, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Yaron da bai kai shekara 5 ba, a niƙa masa gyaɗa, a kuma cire masa ƙwallon dabino, kada ya shaƙe. Shayi mai kauri a kan abinci yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, don haka ba na yara ba ne. Lemon nan da ake cewa na ƙara kuzari ma haka, saboda kafin da ke cikinsa yana hana barci. A cika wa yaro gorarsa da ruwa, a kuma koya masa kurkure baki bayan ya ci dabino, don yana maƙalewa a haƙori.