Duwatsunmu Ba Na Turawa Kaɗai Ba Ne

A nan Kolokonde, in muka ga Bature da jaka a baya zai je hawan duwatsun Taneka, dariya muke yi, mu ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. Alhali kuwa kakanninmu fatake da ƙafa suke ratsa Jugu, daga Kano har Gwanja, neman goro.

Tun watan Mayun 2019, da 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu a gandun dajin Panjari, suka kashe ɗan jagoransu Fiacre Gbedji, baƙi suka ja baya. Wa ya ji a jikinsa? 'Yan jagora, masu zemijan da mata masu sayar da abinci.

Jama'a, mu daina jiran baƙo. Taneka na kusa da Kopargo, kan hanyar Natitingu, nesa da Panjari. Shugabannin makarantun Jugu da Paraku su riƙa kai ɗalibai can lokacin hunturu, da ruwansu da guzurinsu. Su biya ɗan jagoran garin haƙƙinsa, su nemi izinin dattawa kafin su taka wuraren da ake girmamawa. Yaron da bai san dutsen ƙasarsu ba, ina zai yi kishinsa?

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.